Tashar da ba ta da suna: nazarin layin dogon soja a hamadar Nuba, 1884 zuwa 1899

Wurin da matsalarsa

Wurin da wannan nazari ya shafa ba shi da suna, lamba kawai gare shi. Tsakanin Wadi Halfa da Abu Hamad, a hamadar Nuba wadda mutanen Sudan ke kira Atmur, akwai tashoshin jirgin ƙasa guda goma da aka bari da lambobi, domin lokacin da aka kafa su babu gari ko ƙauye a wurin da za a ari sunansa. Ta shida ce babbarsu, kuma mu Hausawan Sudan, kamar sauran jama'ar ƙasar, Nimra Sitta muke ce mata. Na taɓa wucewa ta wurin cikin dare a jirgin Halfa, shekaru da dama kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023. Da jirgin ya tsaya, waɗanda suka hau saman taragu suka diro, kowa ya nufi wajen ruwa da butarsa, kuma abin da idona ya iya gani bai wuce tankin ruwa ba, da 'yan ɗakunan bulo masu tsinin rufi da ake kira gaɗaɗi, sai wata mai shayi da ta kāre wutarta da kwano saboda iska.

Matsalar wurin ta samo asali ne daga yadda kogin Nilu ya karkace. Daga Abu Hamad kogin yakan juya kudu maso yamma, ya yi doguwar tafiya, sannan ya sake miƙewa arewa ta Dongola zuwa Halfa, kuma a wannan zagaye akwai manyan wuraren duwatsu uku, waɗanda ake kira shallal, inda jirgin ruwa ba ya wucewa sai lokacin da kogi ya cika. Wanda ya yanke kai tsaye ta hamada zai yi kimanin mil 230, hanyar kogi kuwa ta ninka haka fiye da sau biyu. Ayarin raƙuma sun daɗe suna ratsa Atmur da salkunansu, amma rundunar da ke ɗauke da igwa da harsasai da abincin mutum dubbai ba ta da yadda za ta yi a filin da babu ruwan sha. Duk wanda ke son kai yaƙi daga Masar zuwa Khartum sai ya warware wannan.

1884 zuwa 1885: hanyoyi biyu da suka gaza

Lokacin da Ansar, mabiyan Mahadi Muhammad Ahmad, suka kewaye Khartum a 1884, layin dogon da ke Sudan gaba ɗaya bai wuce ɗan guntun da aka shimfiɗa zamanin Khedibi Isma'il ba, daga Halfa zuwa Sarras, mil 33. Janar Wolseley na Ingila, wanda aka tura ya ceto Gordon, janar ɗin Ingila da aka kewaye a cikin garin, ya zaɓi kogi. Aka ƙera masa kwalekwale kimanin 800 a Ingila, aka ɗauko masu tuƙi daga Kanada, sojoji suka riƙa sauke kaya a bakin kowane shallal suna jan kwalekwalen da igiya. Da lokaci ya ƙure sai aka yanki wani ɓangare na rundunar aka tura shi bisa raƙuma ta hamadar Bayuda. Khartum ta faɗi ranar 26 ga Janairu 1885, kuma jiragen ruwan masu ceto sun hango garin bayan kwana biyu.

Gwaji na biyu layin dogo ne daga Sawakin, a bakin Bahar Maliya, zuwa Barbar, tafiyar da ta haura mil 200. An ba kamfanin farar hula kwangila, an kawo ƙarfe mai faɗi irin na Ingila, sojoji kuma aka ce su yi gadi. Ƙasar ta Hadandawa ce, mutanen Usman Digna, kwamandan Ansar a gabashin Sudan, waɗanda suka san kowane kwari da kowace rijiya, suka riƙa kai hari da dare suna ƙona katakon shimfiɗa, suna tsinke waya. Ga saɓani tsakanin 'yan kwangila da hafsoshin soja kan wanda ke da ikon ba da umarni. Layin bai kai mil 20 ba aka dakatar da shi, bayan ya cinye kuɗi kusan fam miliyan ɗaya, saboda rigimar da ta taso tsakanin Ingila da Rasha a kan iyakar Afganistan ta sa aka janye sojojin.

A bakin Nilu an ƙara layin har Akasha a 1885, amma da aka ja da baya Ansar suka tumɓuke abin da ke kudu da Sarras, suka yi makamashi da katakonsa. Haka aka zauna shekara goma sha ɗaya, Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, yana mulki a Omdurman, rundunar Masar tana tsaron iyaka a Halfa.

1896: layin bakin kogi

Ranar 1 ga Maris 1896 Habasha ta murƙushe Italiya a Adwa, kuma kafin watan ya kai rabi aka umarci Kitchener, Baturen Ingila shugaban rundunar Masar, ya nufi Dongola domin rage wa Italiya matsi. Kitchener injiniyan soja ne tun asali, ya kuma ga abin da ya faru a 1885 da idonsa. Aikin layin dogo ya danƙa shi ga wani ƙaramin hafsa ɗan Kanada mai shekara 29, Percy Girouard, wanda ya koyi aikin a layin da ya ratsa ƙasarsu. Babu ɗan kwangila a wannan karo, komai yana ƙarƙashin umarnin soja guda.

Ma'aikatan da aka tara ba su taɓa ganin aikin ba. Akwai manoman Masar da aka ɗebo aikin soja, akwai 'yan Sudan, akwai fursunoni, har da waɗanda aka kama a fagen yaƙi. Aka buɗe makaranta a Halfa domin koyar da masu kula da tasha da masu ba jirgi hannu, aka kafa wurin gyaran injuna, aka lallaɓa tsofaffin kawunan jirgin da suka rage tun zamanin Isma'il. An ci Firka ranar 7 ga Yuni, layin ya isa Kosha a farkon Agusta.

Wannan damina ta gwada aikin ta fuska biyu. Cutar amai da gudawa ta shigo daga Masar ta bi sansanoni ta kashe sojoji da ma'aikata. Sannan a ƙarshen Agusta aka yi ruwan sama irin wanda ba a saba gani a yankin ba, kwaruruka suka cika, ruwa ya kwashe kimanin mil 12 na layin a daidai lokacin da rundunar ke dogaro da shi wajen abinci. Aka tattara mutum dubu biyar, Kitchener da kansa yana tsaye a kansu, suka mayar da shi cikin kwanaki kaɗan. Dongola ta faɗi ranar 23 ga Satumba, kuma a watan Mayu 1897 layin ya kai Karma.

Layin bakin kogi ya ciyar da rundunar har Dongola, amma daga nan amfaninsa ya ƙare, domin gaba akwai shallal na huɗu da dukan karkatar kogin.

Janairu zuwa Yuli 1897: shiga hamada

An duba hanyoyi da dama: a sake gwada Sawakin, ko a ratsa Bayuda daga Korti zuwa Matamma, ko a yanke Atmur daga Halfa zuwa Abu Hamad. Injiniyoyin da aka nemi shawararsu sun ce hanyar Atmur ba za ta yiwu ba, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Ba a auna ƙasar ba, ba a san da ruwa a kan hanya ba, sannan garin da layin zai ƙare a cikinsa yana hannun Ansar. Kitchener ya zaɓe ta duk da haka. An fara aikin ranar 1 ga Janairu 1897, amma sai da aka gama layin Karma a watan Mayu aka juyo da ma'aikata da kaya gaba ɗaya, wato a tsakiyar zafi.

A nan ne ya kamata a dakata a fahimci lissafin, domin shi ne zuciyar lamarin. Kan jirgi mai tururi ruwa yake sha kamar yadda yake cin kwal. A ƙasar da ke da koguna yakan tsaya a tasha ya cika tukunyarsa ya wuce. A Atmur kuwa dole ya jawo ruwan zuwansa da na komowarsa daga Halfa, ya haɗa da ruwan sha da girki na mutanen da ke bakin aiki, kimanin 2,500, da na 'yan tsirarun da aka zaunar a kowace tasha ta kan hanya. Duk mil ɗin da aka ƙara, sai an ƙara taragun tanki, kuma duk taragon tankin da aka ƙara ya ture taragon ƙarfe ko na katako. Ma'ana, nasarar aikin ita ce ke rage masa gudu: yadda layin ke tsawo, haka kayan da ke isa bakinsa ke raguwa. Ga shi kuma mil ɗari na farko hawa ne, ƙasar tana tashi a hankali har wajen mil 103, inda ta fi Halfa tudu da kimanin ƙafa 1,600, don haka injin yana jan nauyinsa mafi yawa a daidai inda ya fi wahala.

Bakin aikin gari ne na tantuna mai tafiya, ana ɗaga shi gaba duk bayan 'yan kwanaki. Masu awo suna can gaba suna kafa turaku, masu diga da shebur suna biye suna daidaita ƙasa, sai masu jera katako, wanda ma'aikatan layin dogo a Sudan ke kira falanka, sai masu ɗora ƙarfe, sai masu buga ƙusa da ɗaure noti, daga baya masu cusa yashi su daidaita layin. Wayar tangaraho tana biye da su. Jirgi biyu ke zuwa kowace rana daga Halfa, kuma rayuwar garin ta rataya ne a kansu, domin idan layin ya katse kwana biyu ko uku, ƙishirwa za ta gama da mutanen ba tare da an harba bindiga ko ɗaya ba.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi shekaru yana aikin darisa, wato masu bin layi suna gyara, kafin ya yi ritaya a Atbara. Ba a Atmur ya yi yawancin aikinsa ba, amma an taɓa tura shi can na wasu watanni. Na tambaye shi wata rana muna shan shayi bayan la'asar, na ce: "Kawu, me ya fi ba ku wahala a can, yashi ko rana?" Ya ajiye kofi ya ce: "Ɗana, yashi ai shebur ne maganinsa. Amma ranar da tankin ruwa bai zo ba, sai ka ajiye diga ka fara salati." Wannan a zamanin injin dizal ke nan, wanda ba ya neman ruwan tukunya.

Zuwa ƙarshen Yuli layin ya kai kusan mil ɗari, aka tsaya, saboda matsawa gaba zai sa ma'aikata su shiga inda mahayan Abu Hamad za su iya kai musu hari.

Agusta zuwa Oktoba 1897: Abu Hamad da rijiyoyi biyu

Janar Hunter ya taso daga wajen Marawi a ƙarshen Yuli da runduna mai sauƙin kaya, ya bi gaɓar kogi da sauri cikin zafi, ya ci Abu Hamad ranar 7 ga Agusta bayan faɗa gida gida, aka kama amirin garin, Muhammad Zain. Rijiyoyin Murrat, waɗanda su ne sanannen ruwan da ke cikin wannan hamada, dama suna hannun ƙabilar Ababda masu goyon bayan gwamnatin Masar. Da haka duk wata mashaya da mai son kai wa layin hari zai buƙata ta fita daga hannun Ansar.

Ɗaya gyaran daga ƙarƙashin ƙasa ya fito. Masu awo sun lura da wurare biyu da suke zaton akwai ruwa, Kitchener ya ce a haƙa, mutane da yawa suna ganin ɓata ƙarfi ne. Aka sami ruwa a mil 77 daga Halfa, aka sake samu a mil 126. Ta biyun ita ce Nimra Sitta. Rijiyoyin ba su da yawan da zai shayar da gari, amma sun isa su cika tukunyar inji a tsakiyar hanya, kuma wannan ya karya lissafin da aka bayyana a sama: taragun da dā suke ɗaukar ruwa suka koma ɗaukar ƙarfe. Daga tudun mil 103 kuma gangare ne har kogi. Aikin ya yi sauri har akwai ranar da aka shimfiɗa kusan mil uku, kuma ranar 31 ga Oktoba 1897 jirgi ya shiga Abu Hamad. Tafiyar da take cin kwana 18 bisa raƙumi da jirgin ruwa ta koma ta yini ɗaya da kwana ɗaya.

Edward Cator, hafsan da ya yi awon farko na hanyar, bai ga wannan rana ba, zazzaɓin taifot ya kashe shi.

1898: abin da layin ya ɗauko

Ansar sun bar Barbar ba faɗa bayan faɗuwar Abu Hamad, aka ci gaba da shimfiɗa layin yana bin kogi kudu. A farkon 1898, da labari ya zo cewa Halifa zai turo runduna arewa, aka ɗauko sojojin Ingila daga Masar aka ratsa da su hamadar cikin jirgi. Amir Mahmud Ahmad ya iso bakin kogin Atbara da mayaƙan da yunwa ta riga ta ci, domin ba su da hanyar kawo abinci sai abin da suka samu a ƙasar da suka bi, kuma Matamma, wadda za ta iya ciyar da su, su da kansu suka hallaka mutanenta a Yulin 1897. Aka ci su ranar 8 ga Afrilu, aka kama Mahmud. Layin ya isa Atbara ranar 3 ga Yuli, mil 385 daga Halfa.

Abin da ya fi nuna ƙarfin layin shi ne jiragen ruwa masu igwa. Sababbin guda uku, Malik da Sultan da Shaikh, an ƙera su a Ingila gunduwa gunduwa, aka ɗora a taragu, aka ratsa Atmur da su, aka harhaɗa su a Abadiyya kusa da Barbar, suka shiga ruwa a saman shallal ɗin da ya hana Wolseley sakat. Atbara ta zama rumbun abinci da harsasai na watanni. Daga nan rundunar ta bi kogi da ƙafa da jiragen ruwa.

A Karari, ranar 2 ga Satumba 1898, Kitchener yana da mutum kusan dubu 26, Halifa yana da kimanin dubu 50. Kafin azahar an kashe Ansar sama da dubu goma, a ɗaya ɓangaren kuma waɗanda suka mutu ba su kai hamsin ba. Bindigogi masu jigida da igwa da suka yi wannan ɓarna, da harsashin da suka ci, yawancinsu ta Nimra Sitta suka wuce.

1899 da abin da ya biyo baya

An gina gadar Atbara da ƙarfen da wani kamfanin Amurka ya kawo, aka buɗe ta a Agustan 1899. An kashe Halifa Abdullahi a Umm Dibaikarat a watan Nuwamba, kuma a ranar ƙarshe ta shekarar layin ya isa Halfaya, gaɓar da ke fuskantar Khartum. Layin Karma, wanda aka sha wahalar ambaliya a kansa, an cire shi bayan 'yan shekaru. Hanyar teku da ta gagara a 1885 an gina ta cikin zaman lafiya, aka haɗa Atbara da Bahar Maliya a 1906, kuma daga nan yawancin kayan ƙasar suka koma can, layin Atmur ya zama na fasinja da wasiƙu.

Girouard ya tafi Afirka ta Kudu ya riƙe layukan dogo a yaƙin Ingila da Buwa (Boer), Turawan da suka daɗe da zama a can, daga baya aka naɗa shi shugaban mulkin Arewacin Najeriya daga 1907 zuwa 1909, inda ya fara layin Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911. Faɗin layin ɗaya ne da na Sudan, ƙafa uku da inci shida. A shekarun nan ne kakanninmu da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suke kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, suna gudun mulkin Nasara, sai ga layin dogon Nasaran ya iso Sinnar kusa da su a 1909. Alhazan ƙasar Hausa da suka yi shekaru suna takawa da ƙafa sun riƙa hawansa daga El Obeid zuwa bakin teku.

Hukunci

A ganina abubuwa uku ne suka sa layin Atmur ya yi nasara inda na Sawakin ya gaza, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi girma shi ne zaɓin ƙasar. Rashin ruwan da injiniyoyi suka ɗauka aibi, shi ne ya tsare layin, domin mahayin da zai je ya tumɓuke ƙarfe a mil na 90 sai ya sha ruwa, shi da dokinsa, kuma babu inda zai sha. A Sawakin an shimfiɗa layi a tsakar gidan abokan gaba, kowane mil yana neman masu gadi. A Atmur ƙishirwa ce ta yi gadin, shi ya sa aka iya barin mutum 2,500 suna aiki da ɗan tsaro kaɗan. Na biyu shi ne umarni guda, inda mai yaƙi da mai gini mutum ɗaya ne, yana iya tsayar da layi ya jira a ci Abu Hamad, ya kuma tsayar da yaƙi ya jira layi. Rijiyoyin biyu sun ƙara sauri ƙwarai, amma sa'a tana da hannu a cikinsu, kuma an riga an fara aikin kafin a san da su.

Ba na ganin adalci ne a ce Halifa ya yi sakaci kawai. Darasin da ya ɗauka daga 1885 shi ne cewa Turawa ta Bayuda suke zuwa kuma nisa yakan gajiyar da su, don haka ya tara ƙarfinsa a Matamma da Omdurman yana jira. Lissafin nan daidai ne ga rundunar da ke tafiya bisa raƙuma. Kuskurensa na zahiri shi ne barin Abu Hamad da 'yan mayaƙa kaɗan ba tare da agaji ba, alhali riƙe garin na wasu watanni zai bar layin a tsaye a tsakiyar hamada, yana cin ruwa ba ya ci gaba.

Gaggawar yaƙi ta bar wa Sudan layi guda mai ƙaramin ƙarfe da ƙaramin faɗi, wanda bai dace da na Masar ba, kuma har yau ba a haɗa su ba, sai dai a sauka a Halfa a shiga jirgin ruwa ko mota. Sunayen hafsoshin da suka ja aikin suna nan a rubuce, amma manoma da fursunonin da suka ɗauki falanka a kafaɗa cikin zafin Yuni an ƙidaya su ne da bataliya. A 1964, da ruwan madatsar Aswan ya fara cinye tsohuwar Halfa, ta wannan layin aka kwashe mutanen garin da kayansu, suka ratsa tashoshin nan goma zuwa Khashm al-Girba.